Jaki, Garken Tumaki ko Alfaka: Wane Yawon Karkara Ya Dace da Iyalinka a Turai?

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san jaki a bakin aiki, domin shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko yashi daga rafi, shi ne kuma ke dawo da dammunan dawa gida bayan girbi. A karkarar Turai kuwa injin noma ya karɓe wa dabba aikinta tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai wasu manoma suka samo wa dabbobinsu wata sana'a ta daban, wato raka baƙi yawon ƙafa cikin gonaki da tsaunuka tare da jagoran da ya san dabbar ya kuma san hanya. 'Yan uwanmu da karatu ko aiki ya zaunar a Faransa da Ingila, musamman masu 'ya'yan da aka haifa a can waɗanda ba su taɓa shafa bayan jaki ba, sukan ci karo da tallar irin wannan yawo a intanet da zarar hutun makaranta ya gabato, kuma kowane mai talla yana cewa nasa yawon ba ya cutar da muhalli, yana kuma taimakon mutanen ƙauye.

Iri uku ne mai nema zai fi haɗuwa da su: tafiyar kwanaki da jaki a tsaunukan Cévennes na kudancin Faransa, bin makiyaya a ranar da suke hawa da garkensu zuwa makiyayar kan dutse, da kuma zagayen awa ɗaya ko biyu da alfaka, wata dabbar Kudancin Amurka dangin raƙumi, a gonakin Ingila. Sunan da ake kiransu da shi ɗaya ne, amma sun bambanta ƙwarai ta fuskar wahala da kuɗi da abin da baƙo zai koma gida da shi. Ma'aunin da na fi amincewa da shi wajen tantance su shi ne a duba ko dabbar tana da aiki na gaske a cikin tafiyar, sa'an nan a duba inda kuɗin baƙo yake tsayawa.

Tafiya da jaki ita ce ta fi tsawon tarihi a matsayin yawon buɗe ido. A ranar 22 ga Satumba 1878 wani marubuci ɗan ƙasar Sikotland, Robert Louis Stevenson, ya tashi daga garin Le Monastier-sur-Gazeille da wata macen jaki da ya sa wa suna Modestine, ya yi kwana 12 yana tafiya kudu har ya sauka a Saint-Jean-du-Gard. Littafin da ya wallafa a 1879 game da wannan tafiya shi ya sa hanyar ta yi suna, kuma a yau ana kiranta GR70, an yi mata alama da fenti fari da ja a jikin duwatsu da itatuwa, an kuma tsawaita ta daga Le Puy-en-Velay zuwa Alès, tsawon kilomita kusan 270. Hanyar tana ratsa Pradelles da Langogne, ta haura dutsen Lozère inda ƙololuwar Finiels ta kai mita 1,699, ta gangara Le Pont-de-Montvert da Florac, ta shiga kwaruruwan da ke cike da wani itace mai 'ya'ya masu gari wanda mutanen yankin suka rayu a kansa shekaru aru-aru har suna kiransa itacen burodi. Ba dole ne a bi hanyar duka ba. Yawancin iyalai zango uku ko huɗu suke yi, wasu ma zagaye suke yi su dawo gonar da suka tashi.

Yadda abin yake gudana ba zai zama baƙo ga wanda ya san labarin fatake ba. Da safe mai jakin zai nuna wa baƙi yadda ake goge dabbar, yadda ake duba kofato a cire tsakuwa, yadda ake ɗora akumari a ɗaure shi, da yadda ake raba kaya gida biyu a auna nauyinsu domin kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, kamar dai yadda ake daidaita mangala. Masu jakunan ba sa yarda a wuce kilo 30 zuwa 40, kuma a kan wannan ƙa'ida ba su da sassauci. Suna da hujja ko daga tarihin hanyar kanta, domin Stevenson da bakinsa ya ba da labarin yadda ya yi ta dukan Modestine da tsikarinta, kuma da suka isa Saint-Jean-du-Gard aka duba ta aka ce ba za ta iya ci gaba da tafiya ba, dole ya sayar da ita. Jaki yana cin kilomita 3 zuwa 4 a awa, don haka zangon yini ga masu yara ba ya wuce kilomita 10 zuwa 15. Wannan jinkiri shi ne amfanin tafiyar, saboda yaron da zai yi kukan gajiya bayan rabin awa idan shi kaɗai yake tafiya, sai a ga ya yini yana tafe idan ragama tana hannunsa, yana jin cewa shi ke da alhakin dabbar.

Halin jaki kuwa bai canza ba don ya ƙetare teku. Asalinsa ma daga Afirka yake, inda aka fara horar da shi kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, shi ya sa gashinsa ba ya tare ruwan sama kamar na doki, yana buƙatar rumfa idan hadari ya sauko. Idan ya tsorata ba ya zabura da gudu, tsayawa yake yi cak ya duba abin da ke gabansa, ko gada ce ta katako ko ƙorama ce ko kwalbati, kuma wanda bai saba ba zai ɗauka taurin kai ne. A nan ne tambayar jagora take da muhimmanci. Ana iya hayar jaki kawai a karɓi taswira a kama hanya, kuma wannan ya fi araha domin kuɗin na dabba ne a kowace rana, iyali duka su raba. Ana kuma iya tafiya da jagoran tsauni mai takardar shaida, wanda zai zama madugun ayarin, ya san inda ruwa yake, ya san gajeriyar hanya idan yanayi ya sauya, ya kuma bayyana wa baƙi dalilin gina matakan dutse a jikin tuddai da yadda aka yi ƙauyuka suka zama kufai bayan matasa sun tafi birane. Ga wanda zai fara, ko wanda Faransancinsa bai nuna ba, ina ganin ƙarin kuɗin jagora ya cancanci a biya shi, ko da na kwana biyun farko ne. Wanda ya yi kiwon jaki a ƙuruciyarsa a Daura ko Maraɗi zai iya da dabbar ba tare da taimako ba, amma sanin jaki daban, sanin tsaunin da hazo ke rufewa cikin 'yan mintoci daban.

Ta fuskar amfanin mutanen yankin, wannan tafiya ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Mai tafiyar kwana huɗu zai kwana a masaukai huɗu na ƙauye, waɗanda da yawansu suke da shingen kwanan jaki da ciyawarsa, zai sayi burodi a ƙaramin gidan burodi, ya sayi zuma da cukun akuya da ake kira Pélardon a hannun masu yinsu. Kuɗin yana warwatsuwa a ƙauyukan da wasunsu mazaunansu ba su kai ɗari biyu ba. Jakin kuma yana yin aikin da in ba shi ba mota ce za ta yi, domin masu tafiya ba tare da dabba ba sukan biya a riƙa kai musu jakunkunansu daga masauki zuwa masauki da mota. Wani sashe na yankin yana cikin gandun da gwamnatin Faransa ta keɓe a 1970, kuma jirgin ƙasan da ke tsakanin Clermont-Ferrand da Nîmes yana tsayawa a Langogne da La Bastide, duka a kan hanyar, don haka ana iya zuwa a koma ba a kunna mota ba.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata Musulmi ya shirya musu tun daga gida. Na farko abinci: masaukan suna dafa tukunya ɗaya ce ga dukan baƙi da daddare, kuma naman alade yana da yawa a girkin yankin, don haka wajibi ne a faɗa tun lokacin kama ɗaki cewa ana son abinci marar nama ko mai kifi, domin ba za a sami shagon naman halal a kan dutsen Lozère ba. Na biyu lokaci: watannin Yuli da Agusta suna da zafi sosai a sashen kudu, kuma masaukai suna cika, daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba kuwa yankin ya yi ƙaurin suna da ruwan sama mai sauka kamar da bakin ƙwarya har koguna su yi ambaliya cikin awoyi. Mayu da Yuni da farkon Satumba su ne suka fi sauƙi.

Zaɓi na biyu ba don baƙi aka ƙirƙire shi ba, kuma darajarsa ke nan. Tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido, makiyayan filayen da ke kusa da Montpellier suke kora tumakinsu a watan Yuni zuwa kan dutsen Aigoual da dutsen Lozère saboda ciyawar ƙasa ta bushe, su sauko a Satumba. Hanyoyin da suke bi, waɗanda suke kira draille, su ne burtalinmu sak, kuma tafiyar ita ce irin wadda Fulani suke yi tsakanin mazaunin damina da na rani. Ana rataya wa tumakin ƙararrawa masu amo daban-daban, a ƙawata wasu da tuntayen ulu masu launi. A ƙauyen L'Espérou ana yin bikin wucewar garke a watan Yuni, a tudun Aubrac kuma shanu ne ake hawa da su wajen 25 ga Mayu da furanni a kawunansu, su sauko wajen 13 ga Oktoba. Wanda ya taɓa halartar taron makiyaya na Ingal a Nijar zai gane yanayin nan take, inda aiki na gaske da biki suke cakuɗe. Hukumar UNESCO ta sanya yankin Causses da Cévennes cikin wuraren tarihi na duniya a 2011 saboda wannan kiwo, ta kuma amince da al'adar hawa da saukar garke a matsayin gadon ɗan Adam a 2019 ga Ostiriya da Girka da Italiya, sa'an nan ta ƙara Faransa da Sifaniya da wasu ƙasashe a 2023.

Game da muhalli, hujjar wannan zaɓi tana da ƙarfi. Kiwon ne ya hana ƙaya da sarƙaƙiya su cinye tuddan, kuma inda garke ya daina zuwa sai daji ya rufe, tsirrai da tsuntsayen fili su ɓace, gobarar daji ta sami abin ci. Garken da ya hau da ƙafa kuma ya maye gurbin manyan motocin da wasu makiyaya suka koma amfani da su. Baƙon da ya biya kuɗin rakiya ko ya sayi cuku yana tallafa wa sana'ar da masu yinta suke raguwa, kuma wannan al'amari ne da ya kamata ya taɓa zuciyar duk wanda ya ga yadda gonaki da gine-gine suka cinye burtali a ƙasarmu da irin rigingimun da hakan ya haifar.

Sai dai a san cewa garke ba ya jiran kowa. Ana tashi tun da asuba domin a ci tafiya kafin rana ta yi zafi, ana tafiya a bayan dabbobi cikin ƙura da ƙudaje, ba a tsayawa don yaro ya gaji, kuma ranar ɗaya ce a shekara ko 'yan kwanaki kaɗan, waɗanda sau da yawa suke faɗawa kafin a ba da hutun makaranta a farkon Yuli. Ranakun manyan bukukuwa kallo kyauta ne, amma jama'a suna cika ƙauyen da motoci har hanya ta toshe, kuma abin da mutum zai gani bai wuce wucewar garke na ɗan lokaci a tsakanin rumfunan 'yan kasuwa ba. Wanda yake son ainihin abin ya nemi ƙaramar tawagar da ofishin yawon buɗe ido na yankin yake haɗawa da makiyayi. Akwai kuma batun karnuka. Tun da kyarkeci ya dawo Faransa ta tsaunukan Mercantour a 1992, makiyaya da yawa suna riƙe da manyan fararen karnukan gadi da ake kira patou, waɗanda suke ɗaukar duk wanda ya kutsa cikin garke a matsayin maƙiyi. Ba a gudu a gabansu, ba a ɗaga musu sanda, ba a kuma ratsa tsakiyar tumaki. Ban ga hikimar kai ƙananan yara irin wannan tafiya ba.

Alfaka ita ce ta fi sauƙi, ita ce kuma ta fi yawan talla. Dabba ce daga tsaunukan Andes, mafi yawanta a ƙasar Peru, dangin raƙumi ce amma ba ta da tozo, nauyinta bai cika wuce kilo 90 ba, kuma domin gashinta ake kiwonta. Yaɗuwarta a gonakin Ingila yana da alaƙa da halin da ƙananan manoma suka shiga. Annobar ciwon baki da kofato ta 2001 ta sa an kashe dabbobi fiye da miliyan 6, an rufe hanyoyin ƙafa na karkara, kuma lardin Cumbria ne ya fi jin jiki. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai kuma aka fara janye tallafin da ake biyan manoma bisa girman gona daga 2021. Mai 'yar gona dole ya nemi wata hanyar samun kuɗi, kuma baƙin da za su biya kowa da kansa domin zagayen awa ɗaya ko biyu hanya ce mai kyau.

Zagayen kansa gajere ne, kilomita biyu ko uku a fili mai laushi, kowa riƙe da ragamar dabba ɗaya, jagora a gaba yana bayani. Tsoho zai iya, yaro ƙarami zai iya tare da babba, ba a buƙatar takalmin hawan dutse ko kwana a waje. Tafin ƙafar alfaka mai taushi ne irin na raƙumi, ba ya farfasa ƙasa kamar kofaton saniya. Amma gaskiya ita ce alfaka ba ta da wani aiki a wannan tafiya sai a riƙe ta a ɗauki hoto, domin ba ta ɗaukar kaya. 'Yar uwarta lama, wadda ta fi ta girma, ita ce mai dako, kuma wasu gonaki suna ɗora mata abincin rana. Alfaka kuma ba ta son runguma ko taɓa kai, duk da cewa hotunan talla suna nuna akasin haka. Dabbar garke ce mai tsoro, wadda hankalinta ba ya kwanciya sai tana ganin 'yan uwanta. Gonar da take barin baƙi su rungume ta, ko take fitar da dabba ɗaya sau da yawa a yini, ba gonar zuwa ba ce. Kuɗin baƙo kuma a gona ɗaya yake tsayawa, tun da yawanci da mota ake zuwa a koma a ranar. Wanda ya je yankin tafkunan Cumbria ya tuna cewa dabbar da ta siffanta waɗannan tuddai ita ce tunkiyar Herdwick, kuma akwai gonakin da suke karɓar baƙi su nuna musu kiwonta da aikin karnukan kora, abin da ya fi alfaka kusanci da rayuwar wurin.

Duk da haka akwai lissafin da yake iya juya wannan hukunci. Mafi yawan hayaƙin da irin wannan hutu yake jawowa daga hanyar zuwa yake fitowa. Iyalin da ke zaune a Manchester, idan suka hau jirgin ƙasa zuwa Windermere ko Penrith da ke Cumbria suka yi yini a gona, sun fi sauƙi ga muhalli a kan su hau jirgin sama zuwa kudancin Faransa domin jaki, ban da cewa mai fasfo na Najeriya ko Nijar da ke zaune a Ingila sai ya nemi bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da maƙwabtanta, daban. Haka nan mazaunin Lyon ko Marseille ba shi da dalilin ƙetare teku neman alfaka alhali Cévennes tana kusa da shi. Saboda haka shawarata ita ce, mazaunin Faransa mai yara 'yan shekara shida zuwa sama da hutun kwana uku ko fiye ya zaɓi jaki tare da jagora, kuma wannan ne zaɓin da na fi so a cikin ukun. Matashi ko magidanci mai ƙarfin ƙafa wanda kiwon kansa yake son fahimta ya bi garke a Yuni. Mazaunin Ingila mai ƙananan yara, ko wanda iyayensa tsofaffi suka zo masa ziyara daga gida, ya je gonar alfaka ko ta tumaki mafi kusa da shi.

Kowanne aka zaɓa, akwai kiyayewar lafiya da ba a wasa da ita. Dabba mai ƙoshin lafiya tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa yara gudawa mai tsanani, kuma man goge hannu ba ya kashe wasunsu, sai an wanke hannu da ruwa da sabulu kafin a ci abinci. Mace mai juna biyu ta nisanci tumaki da awaki a lokacin haihuwarsu, domin akwai cututtukan da suke kamawa daga nan masu iya jawo ɓari. Bayan tafiya cikin doguwar ciyawa a duba jikin yara da daddare saboda kaska, wadda a Faransa da Ingila duka tana iya yaɗa cutar Lyme.

Kafin a biya kuɗin ajiye wuri, a kira mai gonar a yi masa tambayoyi kai tsaye: kwana nawa dabba take aiki a jere kafin ta huta, mutum nawa ne a tawaga ɗaya, me ake yi idan dabba ta fara ɗingishi a tsakiyar hanya, kuma ina dabbobin da suka tsufa suke. Tambayar ƙarshe ita ce ta fi bayyana halin mutum, domin jaki yana iya wuce shekara 30 a raye, alfaka kuma tana kai 15 zuwa 20, ke nan kowace gonar da ta daɗe tana wannan sana'a tana da dabbobin da suka daina kawo kuɗi amma suna cin ciyawa. Idan aka isa gonar a nemi ganinsu kafin a ɗora akumari.